Idan wasan waya ya tara maka samari a ƙofar gida

Kawuna yana da gida a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Njamena, irin gidan nan na da mai zaure, ga ɗan masallaci manne da katanga wanda bai fi cin mutum ashirin ba. Wata rana bayan sallar isha'i ya ga samari uku a kan babur biyu sun tsaya daura da masallacin. Ba su yi sallama ba, ba su tambayi kowa ba, ko inji ma ba su kashe ba. Kowa ya duƙufa a kan wayarsa yana shafar gilashi da ɗan yatsa, ɗaya kuma ya ɗaga tasa yana saitin katanga kamar mai ɗaukar hoto. Bayan minti biyar suka juya. Washegari suka dawo su biyar. A rana ta uku kawu ya sa aka fito masa da kujera, ya zauna a bakin zaure da sandarsa a gefe. Ya riga ya yanke a ransa cewa ɗayan biyu ne: ko 'yan leƙen asirin ɓarayi, ko kuwa akwai mai bibiyar 'yarsa da ke cikin gida.

"Samari, lafiya dai? Wa kuke nema?"

"Lafiya lau, Baba. Wallahi ba ma neman kowa, wasa muke yi."

"Wasa? A ƙofar gidana? To da wa kuke wasan?"

Babban cikinsu ya sauko ya rusuna, ya miƙa masa wayar da hannu biyu. Abin da kawu ya gani shi ya fi ɗaure masa kai: hoton ƙofar masallacinsa ne a cikin wani zobe, har da butocin alwala a jere da tabarmar da aka jingine. Da aka bi diddigi, ashe ɗan maƙwabcinsa ne ya ɗauki hoton ya tura, a ganinsa ya yi wa unguwa abin arziki.

Irin waɗannan wasanni suna aiki ne da GPS na waya. Suna shimfiɗa duniyarsu a kan taswirar gari ta gaske, don haka ba a cin su daga kan gado, sai mutum ya taka ƙafa ya je inda abin yake. Wanda ya fi shahara shi ne Pokémon GO, wasan farautar wasu halittun zane da ke bayyana a fuskar waya, da kamfanin Niantic na Amurka ya fitar a watan Yulin 2016, aka buɗe shi a ƙasashen Afirka 31 a watan Oktoban shekarar, har da Chadi da Nijar. Kafin shi akwai Ingress na 2012, shi ma na Niantic ne, kuma daga wuraren da 'yan wasan Ingress suka yi ta turawa aka gina taswirar farko ta Pokémon GO. A riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin maganar: alamar da ke ƙofar gidanka ba daga sama ta faɗo ba, galibi mutum ne ya tsaya a wurin ya ɗauki hoto, ya rubuta suna, wasu 'yan wasa suka duba suka amince. Abin da mutum ya sa kuwa akwai hanyar cire shi.

Wani zai ce ai 'yan wasan nan ba su da yawa a garuruwanmu, ga tsadar mega, ga wuta da ba ta tsayawa. Gaskiya ne. Amma ƙarancin ne ma ke kawo matsalar. A Paris ko Tokyo alamomin sun yi yawa, 'yan wasa sun warwatsu. A Njamena, ko Kusseri da Marwa na Kamaru, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko ɗaya ba, alama guda a unguwa tamkar rijiya ɗaya ce a ƙauye lokacin rani, kowa da gugarsa can zai nufa.

Mataki na farko: tabbatar da cewa wasa ne

Kada ka fara da zargi, kada kuma ka fara da yarda. Ka lura kwana biyu ko uku. Ɗan wasa idonsa a kan waya yake, ba a kan ƙofa ko taga ko saman katanga ba. Yana shafar gilashi sama-sama ko yana ta danna shi da sauri, yana tsayawa wuri ɗaya na ɗan lokaci ya wuce. Mai mugun nufi kuwa wayar ce kawai a hannunsa, ido yana wani wuri.

Daga nan ka yi abin da kawu ya yi, amma ka bar sandar a ciki. Da rana, ko a gaban mutane bayan an idar da salla, ka yi musu sallama ka ce su nuna maka. Ɗan wasa na gaske zai nuna maka da murna, har ya cika ka da bayani. Ka duba abu uku a wayar: sunan wasan, sunan da aka raɗa wa wurin, da hoton da ke jikinsa. Ka roƙe shi ya ɗauki hoton fuskar wayar ya turo maka ta WhatsApp, za ka buƙace shi nan gaba. Idan ka nemi gani aka yi ta kame-kame, to wannan ba maganar wasa ba ce, ka sanar da mai unguwa a ranar.

Mataki na biyu: ka san irin alamar da aka dasa maka

Nan ne mutane da yawa suke tsallakewa, alhali daga nan za ka san girman abin da ke gabanka. A Pokémon GO manyan alamomin iri biyu ne. Akwai PokéStop, inda ake tsayawa a kwashi kayan wasa a wuce, ba ya riƙe mutum. Sai dai ɗan wasa yana iya ɗora masa wani tarko da ke jawo halittun wasan na tsawon minti 30, kuma duk wanda ke kusa yana ganin alamar tarkon a wayarsa, sai a taru. Na biyun shi ne fagen fama, wanda wayar da ke Faransanci take kira Arène. Wannan ne mai tara jama'a, domin ana haɗuwa a yaƙi babbar halitta tare, har mutum 20 a zubi ɗaya. Kowace Laraba akwai awa guda ta irin wannan yaƙi, daga ƙarfe 6 zuwa 7 na yamma agogon garin da kake. Wanda ya san Njamena ya san wane lokaci ne wannan: tsakanin magariba da isha'i, daidai sa'ar da ƙofar masallaci ke cike da takalma. Akwai kuma wata rana ta musamman sau ɗaya a wata, tun daga Janairun 2018, da ake ware wa awa uku galibi, yawanci a ƙarshen mako.

Abu na biyu shi ne tazara. Da farko sai ɗan wasa ya matso kamar mita 40 kafin alamar ta amsa masa. A 2020, lokacin annobar korona, aka ninka ta koma mita 80, kuma a 2021 aka bar ta a haka. Mita 80 kusan taku ɗari ne na babban mutum. Ke nan babu wanda yake da hujjar tsayawa a bakin zaurenka, balle ya leƙa ciki. Daga can bakin titi, daga gindin bishiyar da ke kwana, daga teburin mai shayi, duk wasan yana yi. Idan yaro ya ce maka sai ya matso, ko dai bai sani ba, ko GPS ɗinsa ne ke yawo. Hakan kan faru a lungu mai matsatsi ko ƙarƙashin rufin kwano, waya ta nuna mutum a wani wuri daban. Maganinsa ya fita fili inda sama take a buɗe, ba ya ƙara kutsowa ba.

Sai kuma abin da ya fi shafar gidajenmu. Ƙa'idar saka alama ta hana gidan zama na iyali ɗaya, ta hana gona, ta hana makarantun yara, ta hana wurin da zai tare wa motar asibiti ko ta kashe gobara hanya. Amma ta yarda da wurin ibada. Waɗanda suka rubuta ƙa'idar a ƙasarsu coci daban yake, gida daban. Mu kuwa a nan rabin masallatan unguwa a jikin gidan wani suke, katanga ɗaya, wani lokaci ma ƙofar liman ta cikin gida take ɓullowa. Mai tantancewa yana iya kasancewa a wata ƙasa, yana kallon hoton ƙofa da hoton tauraron ɗan'adam, ya ga an rubuta masallaci, ya amince. Ba zai san cewa bayan wannan katangar tsakar gida ce, mata na girki ba mayafi. Haka zanen da aka yi a bangon gida, ko famfon sadaka da mai gida ya fito da shi waje. Ko a Amurka an yi irin haka a 2016: wani mutum a jihar Masachusets da ke zaune a tsohon coci da aka mayar gida ya wayi gari ya ga motoci na tsayawa a ƙofarsa dare da rana.

Akwai wani ɗan abu da ban taɓa jin an gaya wa mai gida ba. A wasan ana aika wa abokai kyauta, kuma kyautar tana tafiya da hoto da sunan alamar da aka ɗauko ta. Wato hoton ƙofarka yana iya kaiwa wayar wani a Brazil. Idan yaron da ya tura wurin ya raɗa masa "Masallacin Alhaji Wane", sunanka ma ya tafi.

Mataki na uku: tara shaida

Ka sami ɗan littafi ka yi mako guda kana rubutawa: rana, lokaci, mutum nawa, me ya faru. An tare ƙofa da babura? An yi hayaniya bayan ƙarfe goma na dare? An ɗaga waya ana sallar jam'i? Ka ɗauki hoton wurin daga nesa yadda za a ga masallacin da ƙofar gidan a hoto ɗaya, don wannan hoton ne zai yi maka magana. Fuskokin yaran kuwa ka bar su, kuma kada ka sa su a Facebook kana cewa ga ɓarayi. 'Ya'yan mutane ne, kuma irin wannan rubutu kan koma kan mai shi.

Sai lambobin wuri. Tunda yawancin gidajenmu ba su da adireshin da baƙo zai gane, "bayan gidan mai, kwana ta biyu" ba zai yi wa wanda ke wata nahiya amfani ba. Ka tsaya a ƙofar gidan, ka buɗe Google Maps, ka danna daidai inda kake ka riƙe yatsa har jan alama ta fito. Za ka ga lambobi biyu masu dogon wutsiya. A Njamena da Kusseri na farko yana farawa da 12, na biyu da 15 ko 14 da ɗoriya. A Marwa 10 da 14 ne, a Garwa 9 da 13. Ka kwafe su duka har ƙarshen wutsiyar, domin lamba ɗaya da ka yar tana iya kai ƙorafinka wata unguwa. Idan ka ga sun yi nesa da waɗannan, ka sake.

Mataki na huɗu: a zauna

Ni a ganina wannan matakin ya fi takarda sauri. 'Yan wasan gari ɗaya sun san juna, kusan kullum suna da zaure ɗaya a WhatsApp ko Telegram, kuma akwai wanda suke jin maganarsa. Ka neme shi. Ka gayyaci mai unguwa, wanda a takardar hukuma ake ce wa chef de carré, da liman idan masallaci ne, a zauna a zaure a sha shayi. Sharuɗɗan da za ka gindaya ba su da yawa: a tsaya can nesa tunda wasan yana kaiwa, a kashe babur, ba a ɗaga waya ta fuskanci ƙofa, ba tarko da dare, kuma idan an tayar da salla ko dai a shigo sahu ko a matsa. Kawu da ya faɗi wannan na ƙarshe sai da aka yi dariya, amma biyu daga cikinsu sun riƙa shigowa.

A zaman nan ne za ka yanke shawarar abin da kake so, don hanya uku ce. Ko a bar alamar bisa sharaɗi, ko a matsar da ita, ko a cire ta baki ɗaya. Kada ka raina ta tsakiya. Idan an dasa alamar a kan rufin gidanka alhali abin da aka ɗauka yana bakin hanya, gyaran wuri kawai ake buƙata, kuma 'yan wasan da suka kai wani matsayi suna iya neman gyaran daga cikin wasan, suna iya kuma kai rahoton cewa wurin bai cancanta ba. Yaron da ya tura shi ne ya fi dacewa ya nemi gyara.

Maganar 'yan sanda ka bar ta a ƙarshe. Tun bayan hare-haren bam na watan Yuni da Yulin 2015, har da wanda aka kai babbar kasuwa, mutumin da aka ce yana tsayawa kusa da masallaci yana ɗaukar hoto ba ƙaramar tuhuma aka ɗora masa ba. Kalma ɗaya daga bakinka tana iya jefa ɗalibi cikin abin da iyayensa za su daɗe ba su fitar da shi ba. Amma wanda ya tsallako katanga ko ya wuce zaure ba izini, wannan ya keta haddin gida, laifi ne a dokar Chadi da ta Kamaru, kuma cewa wasa yake yi ba ya wanke shi.

Mataki na biyar: rubuta wa masu wasan

Idan zama bai yi ba, ko kuma kai dai ba ka son alamar, haƙƙinka ne ka nemi a cire. Ba sai kana wasan ba, kuma ba a biyan ko sisi. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta waya zai cire maka, ɗan damfara ne.

A shafin taimako na wasan a intanet akwai fom na neman gyara ko cire alama, kuma akwai shi da Faransanci. Idan ka rubuta "demande de suppression PokéStop" a Google za ka kai gare shi, amma ka tabbata shafin kamfanin ne, ba na wani mai ba da labari ba. Za ka buƙaci adireshin imel da kake buɗewa, don ta nan amsa za ta zo. Ka sa sunan alamar daidai yadda yake a wasan, ko da an rubuta shi ba daidai ba, ka sa lambobin wuri, ka haɗa da hoton fuskar waya da hoton da ka ɗauka daga nesa.

Bayanin ya zama gajere, kada ka zuba fushi. Abu uku suke nema su gani: cewa kai ne mai gidan, cewa alamar tana jikin gidan zama, da abin da take jawowa. Nan akwai wata gaɓa da ya kamata a kula. Ƙa'idarsu ta ambaci gidan iyali ɗaya, kuma sun bambanta shi da benen haya mai harabar kowa da kowa. Gidan gandu irin namu, mai sassa huɗu ko biyar, daga sama yana kama da gidan haya. Don haka ka faɗa a fili cewa iyali ɗaya ne, uba da 'ya'yansa da matansu, ƙofa ɗaya. Idan masallaci ne, ka ce a cikin filin gidan aka gina shi, katanga ɗaya suke. Takardar fili ko katin shaida kada ka tura sai an nema, in an nema kuma ka rufe lambobin da ba su shafe su ba.

Masu gidaje a Amurka sun kai Niantic kotu kan wannan, aka yi sulhu a 2019. Kamfanin ya ɗauki alkawarin ƙoƙarin warware ƙorafi cikin kwana 15, da cire alamar da ke cikin mita 40 na gidan iyali ɗaya cikin kwana biyar na aiki bayan ya amince da ƙorafin. Wannan sulhu na Amurka ne, ba ya ɗaure kowa a Chadi. Amfaninsa a gare ka shi ne ma'auni: idan mako biyu ya wuce shiru, ka duba akwatin saƙonnin banza na imel ɗinka, sa'an nan ka sake turawa kana ambaton ta farko.

Kada ka ɗauka takarda ɗaya ta gama komai. Alama ɗaya takan fito a wasa fiye da ɗaya. A 2025 kamfanin Scopely, mallakin wani kamfanin Saudiyya, ya sayi Pokémon GO da Pikmin Bloom da Monster Hunter Now kan dala biliyan 3.5, shi kuwa Ingress ya tsaya a hannun tsofaffin masu shi. Bayan an ce an cire, ka sa ɗaya daga cikin yaran ya duba maka a duk wasan da suke yi, ka sake sa a duba bayan wata ɗaya.

Idan wurin na jama'a ne

Liman, kwamitin masallaci, mai kula da maƙabarta, shugaban gidan tarihi, duk hanyar ɗaya ce da ta mai gida, sai dai wanda ke da iko da wurin ne zai rubuta, da sunan muƙaminsa, in da hali a haɗa da wasiƙa mai hatimi. Manyan wurare sun riga ku. A 2016 gidan tarihin kisan ƙare-dangin Yahudawa da ke Washinton ya nemi a fitar da shi daga wasan. A Faransa an cire alamomi daga Douaumont, inda aka tara ƙasusuwan sojoji kusan 130,000 da ba a gane su ba daga yaƙin Verdun na 1916. A Japan an share dandalin tunawa da bam ɗin Hiroshima kafin taron ranar 6 ga Agusta. A wata unguwa a birnin Sidni na Ostireliya kuwa, ɗan ƙaramin lambu ne ya riƙa tara ɗaruruwan mutane kowane dare, mazauna suka kasa barci, har aka cire alamomin.

Amma ba kowane wuri ne ya kamata a ce a cire ba. Maƙabarta, kamar ta Lamaji, ba sai an yi dogon tunani ba: a cire. Wanda ya zo binne mahaifinsa bai kamata ya ɗaga kai ya ga wani yana murnar kama halitta ba. Babban masallaci kamar na Sarki Faisal, wanda dama kasuwa ta kewaye shi, ni da za a tambaye ni cewa zan yi a matsar da alama can bakin titi, a liƙa sanarwa a ƙofa cewa ba a wasa a harabar. Hukuncin wasan kansa a addini na malamai ne, ban shiga nan ba. A Rasha dai, a 2017, kotu ta yanke wa wani matashi ɗaurin talala na shekara uku da rabi bayan ya ɗauki kansa yana wasan a cikin coci ya sa a intanet.

Gidan tarihi na ƙasa kuwa, ko tsohuwar fadar sarkin Kotoko da ke Gawi mai tukwanen mutanen Sao, nan lissafin ya juya. Yara nawa aka haifa a Njamena da ba su taɓa taka ƙafa can ba? Idan wasa ya kai saurayi ƙofar, ya karanta a wayarsa cewa a hamadar Jurab aka tono ƙoƙon kan Tumai, ɗaya daga cikin tsofaffin dangin ɗan'adam, a 2001, mai shekara kusan miliyan bakwai, wataƙila ya sayi tikiti ya shiga. Mai kula da irin wannan wuri abin da ya kamace shi shi ne ya duba sunan da bayanin da aka rubuta, in akwai kuskure ya nemi gyara, ya kuma tabbata alamar tana wajen ƙofa ba a kan ginin ƙasa mai saurin zaizayewa ba.

Ga ku 'yan wasa

Kafin ka tura wani wuri, ka tambayi mai shi. Ƙa'idar wasan ba ta ce ka yi sallama ba, tarbiyyar gidanku ce ta ce. Kada ka sa sunan mutum a jikin alama. Idan wasan ya ba ka aikin zagaya wuri da kyamara, ka sani wannan ɗaukar bidiyo ne na gaske, yana tafiya wurin kamfani, kuma Niantic da kansa ya faɗa a 2024 cewa da irin waɗannan hotuna yake gina taswirarsa mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Aikin ba dole ba ne. In ƙofar gidan mutane tana kusa, ka bar shi.

Da dare kada ka bi tarkon da ba ka san wanda ya ɗana ba zuwa wani lungu. A jihar Mizuri ta Amurka, a makon farko na wasan, 'yan fashi da shi suka riƙa jawo mutane suna ƙwace musu kaya. Kuma a kan babur waya aljihu take zama, ko kai ke tuƙi ko ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ne ya ɗauko ka.

Akwai wuraren da ko me ya fito a can, ka bar shi ya tafi. Kewayen fadar shugaban ƙasa, wanda yake dab da Place de la Nation, da barikin soja, da filin jirgin sama na Hassan Djamous, da gadar Ngeli da ke haɗa mu da Kusseri, duk ba a ɗaukar hoto, kuma sojan da ke gadi ba zai bambanta mai jifan halitta da mai ɗaukar hoto ba. A Indonesiya, a Yulin 2016, an tsare wani Bafaranshe da ya bi wasan har cikin sansanin soja. A Bosniya sai da aka gargaɗi 'yan wasa kada su shiga filayen nakiya. Mu ma muna da irinsu a Borku da Ennedi da Tibesti, ga kuma abubuwan fashewa da ake binnewa a hanyoyin yankin tafkin Chadi da Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Taswirar wasan ba ta nuna ko ɗaya.

In har tsautsayi ya sa jami'in tsaro ya tsayar da kai, ka tsaya cak, kada ka gudu, kada ka yi saurin cusa wayar a aljihu ko ka fara goge wani abu. Ka gaishe shi, ka riƙe wayar a tafin hannu gilashinta na kallon sama, ka ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne, ga shi ka duba." In ya ce ka buɗe ma'ajiyar hotuna, ka buɗe. Katin shaidarka ya kasance a jikinka, kuma kafin ka fita ka gaya wa wani a gida unguwar da ka nufa.